Motar da Ƙanwata ta Yi Idda a Gabanta

Da sunan Allah nake buɗe wannan labari, shi ne mafi sanin abin da na riƙe daidai da abin da ya shige mini.

Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gonar gero a tudu da garka a bakin tabkin Madarumfa. Da aka zo rabon gado, mu maza muka ɗauki gonar, garkar ta faɗa hannun autarmu, wadda tun tana ƙarama ita ce mai bin tsoho can da guga. Ba wata babbar garka ba ce, amma ƙasarta baƙa ce, ruwan rijiyarta kuma kusa yake. In sanyi ya shigo takan zuba albasa da shu, wato kabeji, da salati, zogale kuwa duk shekara ana tsinkarsa. Da wannan garka ta yi wa ƴaƴanta uku sutura, da ita ta sa babbar a lakwal, makarantar boko.

Mijinta direba ne, ya daɗe yana jan motar wani tsakanin Maraɗi da garinmu da bakin iyaka. Mutum ne mai fara'a a tasha, mai saurin fushi a gida, ban kuma taɓa jin ya ci haƙƙin fasinja ba. Wata shekara ya ce ya gaji da tara wa wani, yana son tasa. Akwai asusun ba da bashi a Maraɗi, wanda mutanenmu ke ce wa kes, suka ce za su ba shi in ya kawo jingina mai takarda. Shi ba shi da ƙasa mai takarda. Garkar ƙanwata tana da ita. Na faɗa musu abin da na sani game da bashi mai ruwa, suka saurara da ladabi, suka yi abin da suka riga suka shirya. Ranar sa hannu aka ce ana son shaida daga danginta. Na je na rubuta sunana da ajami ƙarƙashin dangwalen yatsanta, mushen kes, wato jami'insu, yana juya takardar yana neman inda rubutun ya fara.

Motar fara ce, ta hannu. Ya fasa katangar gidansu ya sa ƙofar kwano mai faɗi don ta riƙa kwana a tsakar gida. Shekarar farko ta yi albarka. Daga nan aka rufe iyaka, fasinja suka ɗauke, masu ƙetarawa suka koma bin babura ta cikin gonaki. Tayoyin motar suka suɗe har jandarmomi suka fara tsayar da shi a hanya, ƙanwata ta sayar da albasarta ta wannan shekara aka sa wa motar huɗu masu kyau da sabon batir. Ba a jima ba bwat ya lalace, wato abin da ke canja mata gudu. Aka sa na hannu, shi ma bai daɗe ba. Wata rana aka turo ta daga tasha zuwa tsakar gida, ba ta sake fita da ƙafarta ba. Kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin ƙwai.

Ga yadda lissafin ya tsaya a lokacin. Abin da ya rage na bashi ya kai miliyan biyu na sefa. Makanikin da ya duba motar ya ce ko an gyara ta an sayar a Maraɗi da takardunta, da ƙyar ta wuce miliyan ɗaya. Ko an ba da ita ɗungurungum, rabin bashin yana nan, kuma garka ce ke ɗauke da shi. Takardun motar suna hannun kes. To amma akwai wani dillali da ke zuwa daga ƙetaren iyaka, wanda ba ruwansa da takarda, domin shi sayen mota yake ya yanka ta ya sayar da kayanta ɗaya-ɗaya. Ya taya jikka ɗari bakwai, wato sefa dubu ɗari bakwai, kuɗi hannu. In motar ta bi shi, kuɗin kuma suka shiga aljihun da ba na kes ba, bashin duka zai hau garkar, garkar kuwa ba za ta iya ɗaukarsa ba.

Ƙanwata ba ta san mijin ya daina biya ba sai ranar da mushen kes ya zo garka da igiyar awo. A gaban maƙwabtanta ya auna tsawo da faɗi, ya leƙa rijiya, ya tambaye ta ko itatuwan zogalen nan nata ne. Ta koma gida ƙafafunta da laka. Ban san duk abin da ita da mijin suka faɗa wa juna ba, ban kuma tambaya ba. Kafin la'asar ya aiko mini cewa ya sake ta saki ɗaya.

A wajenmu, in aka saki mace, ba ta kwana. Takan ɗauki mayafi ta tafi gidan iyayenta, kaya su biyo baya, can za ta yi iddarta. Haka na tashi na gani, haka aka yi wa uwayenmu. Tun da tsoho ba ya raye, gidana ne gidan ubanta. Washegari da hantsi na sa matata ta share ɗakin da ke kusa da rumbu, na ɗauki mai amalanken jaki muka tafi kwaso ta.

Na yi sallama na shiga, mai amalanke ya tsaya a waje. Na tarar ta ɗauke murhunta daga madafa ta kafa shi tsakanin bayan motar da ƙofar kwano, ta shimfiɗa tabarma a nan, ta ɗaure akuyarta a ƙarfen bayan motar. A kan rufin motar kuma ta baza zogale yana bushewa.

“Auta, tashi ki haɗa kayanki, ga amalanke a waje.”

“Ina kwana, Yaya. Ka sallami mai amalanke, kada ya yi asarar yininsa.”

“Mi kike nufi?”

“Nan zan yi iddata.”

Uwar mijin tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Tsohuwa ce ƴar siririya mai kaifin baki, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar mai gidanta. Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Malam, ka dai ji da kunnenka. An ce mata tahi, ta ce sai an ba ta kujera.”

Na rage murya na ce wa ƙanwata kada ta ja mana magana a gari. Sai ta dube ni ta ce, “Yaya, ba kai ne kake karanta wa matan unguwa ran Alhamis ba? Ba da bakinka ka ce Allah ya hana a fitar da matar da anka saka daga ɗakinta kafin idda ta cika, ita ma ya hana ta fita? Ko karatun na matan wasu ne?”

Na karanta, gaskiya ne. Shekara da shekaru ina karanta wannan babi, mata suna gyaɗa kai, in saki ya zo kowa ya bi abin da ya saba. Ban taɓa ganin wadda ta riƙe shi ba sai ranar.

Tsohuwa ta ce, “To ya cika mata saki uku mana, mu ga ƙarshen karatu.”

Na ce, “Inna, ko ya cika uku, wurin kwana haƙƙinta ne har ta gama.”

Ta watsa ɓawon gyaɗa ga kaji ta shige ɗaki.

Sai da na raka ƙanwata bakin randa ta gaya mini dalili. Mijin ya riga ya yi magana da dillalin nan. Niyyarsa ya karɓi kuɗin ya tafi wajen haƙar zinariya can arewa, cikin hamada. Motar kuwa ba ta tashi, sai an sami ƙarti huɗu ko biyar sun turo ta waje an ɗaura mata igiya. “Ka kuwa san ƙarti ba su shiga gidan da matar aure take zaune a tsakar gida,” in ji ta. “Har idda ta cika, ni matar aure ce. In na tahi yau, gobe motar tana ƙetare, jibi garkar Baba tana hannun kes.”

Na fita na biya mai amalanke kuɗin wahalarsa, ya tafi ba kaya.

Dillalin ya zo ranar kasuwa. Ina nan a zaure, domin ƙanwata ta aiko tun da safe cewa ta ga an share bakin ƙofar kwano. Mutum ne mai ƙiba da tabarau, ya zo da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya da samari majiya ƙarfi. Mijin ya shiga ciki, muna jin muryarsa daga zaure.

“Ki shiga ɗaki, maza za su shigo.”

“Tuwo nike tuƙawa.”

“Ki sauke.”

“In na sauke ya yi gudaji, uwarka ce za ta ci.”

“Ni na ce ki shiga ɗaki!”

“Da kana son in riƙa jin maganarka, da ba ka sake ni ba. Ga hanya nan, su shigo. Sai dai su tsallake ni da tukunyata.”

Na san fushinsa. Na miƙe na tsaya a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, inda zai gan ni. Ya ɗaga ƙafa kamar zai shure tukunyar, ya ajiye ta. Ya je ya kama sakatar ƙofar kwano ya buɗe ɓangare ɗaya. Samarin da ke waje suka hango mace zaune da muciya, kanta ba lulluɓi sai ɗankwali, suka juya baya gaba ɗaya kamar an ba su umarni. Maƙwabta sun riga sun fito. Wani dattijo mai saƙar tabarma a gindin bedi ya ce da ƙarfi, don kowa ya ji, “Yau kuma gidan mutane za a shiga da rana tsaka?”

Dillali ya cire tabarau ya goge. Ya ce wa mijin, “Maigida, ni ƙarfe nake saye, ba na sayen rigima. In gidanka ya zama naka, ka kira ni a salula.”

Suka tafi. Mijin ya rufe ƙofar da ƙarfi har zogalen da ke kan rufin motar ya zubo.

Daga ranar zaman ya zama na jiran juna. Shi ya koma kwana a zaure, yana kawo cefane yadda shari'a ta ɗora masa, ya ajiye a bakin ƙofa ba magana. Ita ba ta fita ko nan da can. Garkar da take wannan zama dominta, ba ta iya zuwa ta ba ta ruwa, don in ta ɗaga ƙafa ƙofar kwano za ta buɗu. Ni da matata muka karɓi ban ruwa. Ban iya aikin garka kamar ita ba, salatin ya ƙone a hannuna, albasar dai ta jure.

Na hau mota na je Maraɗi wajen mushen kes. Ya karɓe ni a bironsa, wato ofishinsa, ya saurare ni har na gama. Ya ce akwai hanya: a kawo motar a sayar a gabansu, kuɗin su shiga bashi kai tsaye, abin da ya rage a sake shimfiɗa shi a kan shekaru yadda za a iya biya, garka ta zauna a hannun mai ita muddin ana biyan. Amma sai mai bashin ya zo da ƙafarsa ya sa hannu. Na ce in ya ƙi fa? Ya buɗe tafin hannuwansa ya ce, “Malam, mu jingina muka riƙe.”

Na tare mijin bayan sallar la'asar a ƙofar masallaci, na kai shi gefe. Bai yi mini rashin kunya ba, bai taɓa yi ba. Ya ce, “Yaya, in anka sayar a gaban kes, mi zan riƙe? Ba mota, ba kuɗi, ga bashin miliyan a wuyana, ga tasha ana nuna ni. In na tahi arewa, wata shida, Allah ya ba ni sa'a, in biya duka in fanshi garkar.”

“In Allah bai ba ka a wata shida ba fa?”

“Kana yi mini baki ke nan.”

“Ba baki nike maka ba. Kes ba za su jira hamada ba.”

Ya ce shi dai ya gama magana da dillali. Ya ƙara da cewa, yana kallon ƙasa, “Idda ai ba shekara ce ba.”

Wannan ita ce maganar da ke cina. Idda tsarki uku ce, tana tafiya ko an so ko ba a so. Duk wanda ke gidan ya san haka. Tsohuwa ta fi kowa sani. Ta riƙa sa ido a kan butar ƙanwata da tabarmar sallarta, ranar da ta ga ba ta yi alwala ba sai ta ce wa kaji, “To, an rage ɗaya.” Gishiri ma sai da ta ɓoye mata. Amma wata rana da na zo kawo albasar da na cire, tsohuwar nan ta biyo ni har zaure, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

“Malam, wurin zinariyar nan, da gaske ne ramin kan rufta da mutane?”

Na ce ana faɗa, ni ban je ba.

“Ɗan maƙwabciyarmu ya tahi, har yau ko muryarsa.” Ta matso kusa. “Nawa ɗan kuwa, shi kaɗai gare ni namiji.” Sai kuma ta saki mayafin ta ce in gaya wa ƙanwata ta daina ɗaure akuya inda take yi mata kashi a hanya.

Zafi ya fara shigowa sa'ad da matata ta dawo daga gidan wata safiya ta zauna kusa da ni. Na tambaye ta. Ta ce iddar auta ta cika. Ta ce ta ba ta shawara ta yi shiru ko da na ɗan lokaci ne, tun da a wannan sha'ani maganar mace ake karɓa, tsohuwa ma lissafinta ya rikice, ba mai iya ƙaryata ta. Ƙanwata ta amsa mata cewa da hukuncin Allah ta zauna a gidan, ba za ta ƙara kwana ɗaya da ƙarya a kansa ba, ta kuma riga ta faɗa wa uwar mijin da bakinta.

Na yi mata addu'a a zuciyata. Na aika a kira mai amalanke. A hanya muka wuce mijin a bakin tasha, salula a kunne, yana kai da kawowa.

Kwasar kayan mace tana da tsarinta. Duk abin da ta zo da shi daga gidansu, da duk abin da ta saya da kuɗin hannunta, nata ne, ko cokali ne. Mata daga ɓangarenta da na mijin sukan tsaya, a ɗaga abu a ce na wane ne, in an yarda a fitar. Matata ta tsaya mata, tsohuwa ta tsaya wa ɗanta, maƙwabta biyu suna kallo. Aka fitar da gado da katifa, kwanoni, tukwane, turmi, randa ɗaya cikin biyu. Aka yi ƴar jayayya a kan wani bokiti, ƙanwata ta bar shi. Mijin ya dawo ya jingina da bangon zaure ta ciki, yana duban rana yana duban salula. Aka kwance akuya.

Matata ta ce, “Shi ke nan ko?”

Ƙanwata ta ce, “Saura tayoyina huɗu da batir.”

Mijin ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba. “Tayoyinki? A ɗakinki anka jera su ranar biki?”

“Da kuɗin albasata anka saye su.”

“Ba ni kinka yi.”

“Ban ba ka ba. Ara maka na yi.”

Duk suka juyo gare ni. Ni kuwa na san abin da ke wuyana. In kyauta ta yi masa, ta fita daga hannunta, ba zan tsaya mata a kan abin da ba nata ba ko da garkar za ta tafi. In aro ne, nata ne. Ranar da aka yi abin ba na nan. Na ce masa, “Ka ji tsoron Allah ka faɗa mini, kyauta ce ko aro?”

Ya buɗe baki. A waje muka ji ƙarar tsohuwar motar dillali tana shigowa lungu.

“Aro ne.”

Tsohuwa ce ta faɗa, daga inda take tsaye da bokitin da ta ci a jayayya.

“Inna!”

“Ina zaune nan ta ƙirga maka kuɗin a kan tabarma. Ta ce in mota ta yi arziki ka mayar mata. Ka ce to. Kunnena bai mutu ba.” Ta ajiye bokitin. “Ɗauko abin ɗaga mota ka cire wa ɗiyar mutane kayanta. Ba za a ce gidana an ci taya ba.”

Ya tsaya yana dubanta, ita ma tana dubansa. Ban san tsawon lokacin ba, na dai ji dillali ya kashe mota ya yi sallama a waje, ba wanda ya amsa. Daga bisani ya buɗe bayan motar ya ɗauko kirik da abin kwance ƙusa. Da hannunsa ya cire su, ɗaya bayan ɗaya, yana tura tubalin siminti a ƙarƙashi, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Kaza ta fito da gudu daga ƙarƙashin motar tana kyarkyara. Ba wanda ya yi dariya. Ni na mirgina tayoyin zuwa waje, mai amalanke ya ɗora su a kan katifa ya ɗaure, batir kuma aka sa shi cikin turmi.

Da ƙanwata ta yi lulluɓi ta fito, aka buɗe ƙofar kwano, dillali ya shiga da samarinsa. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya tsuguna ya leƙa, ya miƙe.

“Maigida, mota muka yi ciniki da kai, wannan kuwa akurki ne. Tayoyin nan da batir su ne abin kirki a jikinta.” Ya ce yanzu sai dai jikka ɗari huɗu, a ciki ma zai cire kuɗin tayoyin da zai je ya aro don ya ja ta.

Mijin ya ce ai ba haka suka yi ba. Dillali ya ce shi ma ba haka ya gani ba. Kuɗin da ya ambata, in aka cire na mota zuwa arewa da na kayan aiki da abin da zai bar wa uwarsa, ba abin da zai saura, kowa a wurin ya iya wannan lissafi. Tsohuwa ta koma ƙofar ɗakinta ta zauna, ta juya musu baya.

Ƙanwata tana tsaye a gefen amalanke, igiyar akuya a hannunta. Ba ta yi wa mijin magana ba, domin yanzu ba muharraminta ba ne. Ni ta yi wa, amma da muryar da za ta kai cikin gida. “Yaya, tayoyin suna gidanka. Ranar da za a kai ta Maraɗi gaban mushen kes, a zo a ɗauka, na ba da aro.”

Muka kama hanya, jaki yana tafiya a hankali saboda nauyi, mutane suna fitowa kallon kayan sakakkiya da tayoyi a sama. Ban waiwaya ba, amma kunnena yana baya. Har muka sha kwana ban ji an tayar da motar dillali ba, ban kuma san me ake ƙullawa a gidan ba. Da muka isa, ƙanwata ta sa aka jera tayoyin a ɗakin da ke kusa da rumbu, ta ce a bar gadon a waje tukuna. Ranar ba ta ci abinci ba.

Kwanakin da suka biyo baya, duk motar da ta wuce ta hanyar iyaka sai na ɗaga kai. Aka ce dillali ya sake zuwa. Aka ce an ga mijin yana tambayar kuɗin tayoyi na hannu a tasha. Aka kuma ce uwarsa ta daina cin abin da ya kawo. Ban san wanne ne gaskiya ba. Ƙanwata ta koma garka, tana fita tun da sassafe, ta tuge salatin da na ƙona ba ta ce mini komai ba.

Wata safiya na idar da sallar asuba na fito, na same shi tsugune a ƙofar gidana, ya rame. Muka gaisa, ya tambayi yara. Sai ya ce, “Yaya, na zo aron taya.”

Aka ɗaura wa motar su, wata motar tasha ta ja ta da igiya har Maraɗi, ni da shi muna ciki, yana riƙe da sitiyari ba inji. Tun da ba a gyara bwat ba, ba ta kai miliyan ba. Kuɗin tayoyi da batir mai saye ya ware su daban, na ƙanwata ne, ita kuwa ta ce a zuba su cikin bashin. Abin da ya rage na bashin aka raba musu biyu a kan takarda. Shi ya koma jan motar wani, ana cire rabonsa duk wata, wani watan ya biya, wani watan sai na je tasha na tsaya a inda zai gan ni. Ita ta ba da rabin garkar haya ga maƙwabcinta na shekara uku, tana noma rabin. Ba a gama biya ba har yanzu da nake wannan rubutu. Takardar garkar tana can a kes, amma ba wanda ya sake zuwa da igiyar awo.

Ba su koma aure ba. Yaran suna zuwa gaida kakarsu ran Juma'a, takan ba su gyaɗa su kawo wa uwarsu, ba ta taɓa haɗawa da saƙon gaisuwa ba. Ƙanwata kuma in ta tsinki zogale takan ware ƙulli ɗaya ta ba su su kai, ita ma ba saƙo.

Ranar Alhamis da na sake isowa babin idda a karatun matan unguwa, na karanta shi yadda na saba. Wata daga baya ta ɗaga murya ta ce, “Malam, a maimaita wurin nan, a hankali.” Na maimaita.